Fensir a Ƙarƙashin Tawada

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da jikoki. Ya gwiwar? Tunda kunnenki ya ƙi waya, in na kira sai mu yi ta ihu maƙwabta suna shan labari, ga ni na koma takarda. Direban da ya kawo miki maganin shafawa shi zai kawo wannan.

Yaya, Oga zai yi ritaya ƙarshen watan gobe. Oganmu dai mai tabarau, shugaban ɗakin haɗa launi, wanda nake ƙarƙashinsa shekara goma sha huɗu a masaƙar nan. An liƙa takarda a allon sanarwa cewa duk mai son kujerar ya rubuta. Na tsaya na karanta ta sau uku, sannan na wuce kamar ban gani ba.

Ban rubuta ba. Gani nake ai sun san wanda yake aikin. In aka kawo ƙyalle aka ce ga launin da ake so, ni nake tsayawa gaban sikeli ina auna garin rini, in jiƙa, in shanya, in sake, har ya fito. In ya fito sai in rubuta ma'aunin a babban littafin ɗakinmu da fensir. Da yamma Oga ya zauna ya bi kan rubutuna da biro, layi bayan layi, ya sa hannu a ƙasa, ya goge duk inda fensir ya leƙo, ya hure. Ba wanda ya ce in yi haka. Na fara ne tun ina sabuwa don in na yi kuskure in goge, har ya zame mana jiki ni da shi.

Dogo kuwa ya rubuta tun ranar farko. Kin tuna shi, wanda ya zo shekara biyar da suka wuce bai iya riƙe cokalin awo ba, ni na koya masa. Shekaranjiya lokacin hutu ya jawo kujera kusa da ni ya ce, "Anti, don Allah koren nan mai duhu da ba ya zuba, ya aka yi ya fito? Kar a tambaye ni in tsaya ina raba ido." Koren da na yi gwaji goma sha ɗaya kafin na same shi, wanda yanzu rabin yadin da muke fitarwa shi ne. Na zauna na yi masa bayani tas, har yadda ake raba gishirin kashi biyu a bar ruwan ya huce kafin a zuba na biyun. Ya yi ta godiya. Sai da ya tashi na gane abin da na miƙa masa.

Baban yara ya ce in yi abin da na ga ya dace, ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Ina son kujerar nan, Yaya. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke, kuma ko yanzu da na rubuta kunya nake ji. Me kika gani?

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan tana mulkinta. Maigidan yana gaishe ki.

Kafin komai, wai ke biro ya yi miki laifi ne? Sai da na ja ƙafa na kai wasiƙarki bakin taga, na karkata ta nan na karkata ta can, kafin na ga abin da kika rubuta. Mace mai 'ya'ya huɗu tana rubutu kamar mai raɗa.

Maganar aiki kuwa, ki yi haƙuri. Mutum ba ya yabon kansa. Manya suna da ido, kuma Allah yana gani. In taki ce za ta zo har inda kike, ba sai kin je kina tallar kanki a gaban maza ba. Ki riƙe mutuncinki, ki ci gaba da aikinki yadda kika saba.

Ki shafa mini kan yara.

Yayarki

*

Auta,

Sallama. Waccan wasiƙar da na aiko miki shekaranjiya, ki yaga ta. Tun da motar ta tashi da ita na kasa zama wuri ɗaya, har jikata ta tambaye ni ko kujerar ce take cizona. Abin da na rubuta miki ba shawara ba ce, karatun da aka yi mini ne na maimaita miki.

Zan gaya miki abin da ko Inna ba ta sani ba har ta koma ga Allah. Duk gida an san gwiwa ce ta raba ni da makaranta. Ƙarya ne. Gwiwar daga baya ta zo.

Shekara tara ina riƙon kujerar shugabar makaranta. Riƙo, Auta, kamar wadda aka ba ajiyar jariri. Ni nake tsara darussa, ni nake raba faɗan malamai, ni na sa aka gyara rufin aji uku. Duk takardar da zan sa wa hannu sai in rubuta "a madadin shugaba", alhali ba wani shugaba sai ni. Ban taɓa rubuta layi ɗaya na ce a tabbatar da ni ba. Cewa nake za su gani. Ranar wata Litinin aka shigo da wani mutum da jaka a hannu aka ce ga sabon shugaba, in zagaya da shi. Na zagaya da shi. Na nuna masa makullin da yake cijewa da yadda ake ɗaga ƙofar kafin a murɗa. Na miƙa masa makullan da hannu biyu ina murmushi, har na ce masa Allah ya taya riƙo. Ya tambaye ni, "Malama, ke wane aji kike koyarwa?" Na gaya masa. Bayan wata huɗu na ajiye aiki, ban ce da kowa uffan ba. An yi mini taron sallama, an ce ba a taɓa ganin mai haƙuri irina ba, an tafa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, har yau in na tuna murmushin nan sai na ji na tsani fuskata.

Sannan ga wadda ta fi ci mini rai. Kin ce ba wanda ya ce ki yi rubutu da fensir. Ni na ce. Ranar da za ki fara aiki, a ɗakina kika kwana, da safe na sa miki fensir biyu a jaka na ce, "Ki riƙa rubutu da wannan, in kin yi kuskure ki goge kafin a gani, kar ki nuna kin fi kowa sani." Ke kin manta, ni ban manta ba. Na ɗauka kare ki nake yi.

Ki rubuta takardar nan yau. Kar ki ce "mun yi", ki ce "na yi". Ki lissafa launukanki ɗaya bayan ɗaya, koren a sama. Kuma ki je ki sami Ogan naki ki ce ya faɗi gaskiya a kanki. In muryarki ta yi rawa ki bar ta ta yi, ba waƙa aka ce ki rera ba.

Ki yafe mini.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Wasiƙunki biyu sun iso rana ɗaya, direban ya haɗa su. Allah ya sa na fara buɗe ta farkon, da ta biyun na fara buɗewa, da ban san wadda zan bi ba.

Na yi kuka, Yaya. Na kuma ji haushinki, ba zan ɓoye ba. Shekara goma sha ɗaya kina kallona ina bin sawunki, kina ce mini haƙuri. Amma ya wuce. Ba abin da zan yafe, fensir kika ba ni, ba ki ɗaure mini hannu ba.

Na rubuta takardar. Sau huɗu ina sakewa, don duk inda na sa "na" sai in ga kamar ina zagin wani. Ranar ƙarshe na kai, saura minti ashirin a tashi. Sakatariyar manaja ta karɓa ta dube ni ta ce, "A'a, Anti, har da ke?" Ban san ko yabo ne ko mamaki ba.

Washegari na sami Oga yana goge tabarau. Na ce, "Ranka ya daɗe, na nemi kujerar. Ina so in an tambaye ka ka gaya musu wanda yake haɗa launukan nan."

Ya mayar da tabarau idonsa. Sannan ya ce, "Malama, ni na taɓa wulaƙanta ki?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Lokacin da yaronki ya kwanta asibiti, wa ya rufa miki asiri sati uku ba tare da an sani ba?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "To yanzu so kike in tsaya gaban mutane, saura wata ɗaya in tafi, in ce shekara goma sha huɗu ina sa hannu a aikin da ba nawa ba? Haka kike so in fita daga gidan nan?"

Wallahi Yaya ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ɗauka zai ji daɗi. Ashe gaskiyata tana nufin tonon asirinsa, kuma mutumin nan bai taɓa ɗaga mini murya ba. Saura kaɗan in ce ya yi haƙuri na janye, kalmar har ta zo bakina. Sai na tuna makullanki. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai abin da ya faru nake so a faɗa." Muryata ta yi rawa kamar yadda kika ce.

Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ranar Laraba za mu shiga gaban kwamiti. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Sallama. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, yau ba ni da ƙarfin doguwa.

Mun shiga. Mutum huɗu ne a bayan dogon tebur, manaja da wasu maza biyu daga sama da wata mata mai rubuta abin da aka faɗa. Oga yana gefe a matsayin mai ba da shawara. Dogo aka fara kira, ya yi kusan awa ɗaya, ina jin dariyarsu ta ƙofa.

Da na shiga, manaja ya ɗaga takardata ya ce, "Malama, kin rubuta cewa ke kika haɗa koren nan mai duhu. Wanda ya fita yanzu ya yi mana bayaninsa dalla-dalla, har yadda ake raba gishiri. Ya ce aikin ɗaki ne gaba ɗaya, ƙarƙashin Oga. Ke kuma kin ce ke kaɗai. Ina shaidarki?"

Na ce a kawo littafin. Aka kawo. Manaja ya yi ta buɗawa, shafi bayan shafi, tawadar Oga ce da sa hannunsa tun daga farko har ƙarshe. Shekara goma sha huɗu, Yaya, sunana ba ya ko'ina. Ko ni da na kalla sai na ji kamar ƙarya nake yi.

Sai na tuna ke da tagarki. Na ce a ba ni littafin. Na ɗauke shi na kai bakin taga, na buɗe shafin koren, na karkata shi a haske. In ka karkata shi ana ganin sawun fensir a jikin takardar, inda na danna, a ƙarƙashin tawada da gefenta. Har gwaji goman da suka lalace suna nan an goge, amma sawun bai tafi ba. Na ce, "Ku zo ku gani, wannan hannuna ne."

Ba wanda ya tashi. Ɗaya daga cikin na saman ya yi murmushi ya ce, "Malama, mu ba 'yan sanda ba ne." Matar nan ce kaɗai ta ɗago ta kalle ni, sannan ta mayar da kai kan takardarta.

Manaja ya juya wajen Oga ya ce me ya gani. Oga ya cire tabarau ya ce, "Malama mace ce mai ƙwazo da biyayya. Ita ce hannuna na dama. Duk abin da na sa ta, tana yi." Kowace kalma gaskiya ce, kuma da ita ya binne ni.

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na ce, "Ranku ya daɗe, ɗakinmu yana nan ƙasa. Ku kawo kowane ƙyalle da ba a taɓa yi ba, ku ba ni, ku ba Dogo, ku rufe littafin. Kafin a tashi za ku san wanda yake haɗa launi a gidan nan. Ni na haɗa koren nan. Ni na haɗa duk abin da yake cikin littafin nan tun daga shafi na sittin."

Manaja ya duba agogo ya ce ba su da lokacin wasa, kuma shugabanci ba awon gari ba ne kawai, akwai iya zama da mutane da girmama na gaba. Ya ce sun gode, zan ji daga gare su.

Na fito na shiga banɗaki na yi amai. Kafin a tashi labari ya zaga masaƙa cewa na ci mutuncin tsoho a gaban baƙi. Matan sashen naɗin yadi da muke cin abinci tare yau sun matsa can ƙarshen benci. Ɗaya ta ce, yadda zan ji, "Ashe shiru-shirun nan duk na munafunci ne."

Ban sani ba ko daidai na yi. Ki gaishe da maigidan.

Auta

*

Yaya, ga kwafin abin da aka ba ni yau. Ba ni da abin ƙarawa.

Daga Ofishin Manaja
Zuwa ga Ma'aikaciyar Awo, Ɗakin Haɗa Launi

Malama,

Bayan gaisuwa, ana sanar da ke cewa kwamiti ya kammala aikinsa, kuma bai zaɓe ki ba. An naɗa abokin aikinki a matsayin sabon shugaban ɗaki daga ranar ɗaya ga wata.

Hukumar masaƙa tana yaba wa daɗewarki a aiki, tana kuma sa ran za ki ba sabon shugaba cikakken goyon baya, musamman wajen shigar da ma'aunan launi a littafi bisa tsarin da aka saba.

Haka kuma, an lura da kalaman da kika yi a gaban kwamiti game da shugabanki mai barin gado. Ana jan hankalinki da ki kiyaye irin wannan nan gaba. An ajiye kwafin wannan takarda a fayil ɗinki.

Na gode.

Manaja

*

Auta,

Assalamu alaikum. Na karanta. Rubutun injin nasu kam ya fito raɗau, ba sai na je taga ba, kuma da ma ban gani ba.

Ni na tura ki, aka mare ki. Da kin bi wasiƙata ta farko da yanzu kina cin abinci da ƙawayenki, fayil ɗinki fes. Na juya abin nan ta kowane gefe, na kasa cewa ki yi nadama, na kuma kasa cewa kar ki yi. Abu ɗaya na sani. Ni ba a taɓa rubuta mini takardar gargaɗi ba, ba a taɓa matsawa daga bencina ba, kuma ba na yi wa ko maƙiyina fatan shekarun da na yi bayan haka.

In kin ga ba za ki iya zama ba, ki fito, ɗakina yana nan. Amma in za ki fito, ki faɗi dalili da bakinki. Kar ki ɗora wa gwiwa.

Ki ci abinci. Na san ki, in ranki ya ɓaci sai ki huce a kan cikinki.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina cin abinci.

Oga ya tafi ranar Juma'a. Ranar Litinin Dogo ya zauna a kujerar. An kawo wani ƙyalle ruwan toka mai ɗan shuɗi, ya juya shi ya juya, sannan ya kawo teburina da littafin. Ya ajiye sabon fensir a kai, an fiƙe shi tsaf. Ya ce, "Anti, yadda aka saba." Bai iya kallon idona ba.

Gwaji shida na yi, ya fito ranar Laraba. Na buɗe littafin a shafi na ɗari huɗu da tara, na rubuta ma'aunin da biro, na sa sunana a ƙasa da kwanan wata. Dogo ya ce, "Anti, kin san abin da kika jawo wa kanki?" Na ce na sani. Shafukan suna da lamba, ba ya iya yaga shi sai an tambaya.

Jiya aka mayar da ni sashen wanki, wai na saɓa tsari. Tsayuwa ce daga safe zuwa yamma cikin tururi, hannuwana sun fara tsagewa. Ba sikeli, ba launi, sai yadin da nake gani yana wucewa ta gabana, rabinsa koren nan. Ban san ko za a taɓa mayar da ni ba. Ba zan ce miki ba na jin zafin abin ba, ina ji sosai.

A shekara goma sha huɗu, shafi ɗaya nake da shi. Amma yana nan.

Za ki ga na yi kuskure wuri biyu a wasiƙar nan na soke, ba halin gogewa. Ki zauna a inda kike ki karanta, Yaya, ki hutar da gwiwar. Wannan karon ba sai kin je bakin taga ba.

Ƙanwarki,
Auta